Matsalolin Sauti Wajen Tace Bidiyo da Haɗa Faifan DVD da Blu-ray: Tambayoyi da Amsoshi

Yawancin masu tace bidiyo kan zuba ido a kan hoto, sai an zo fitar da aiki ko ɗora shi a faifai sannan sauti ya tayar da ƙura. Kusan duk matsalolin da ke ƙasa tushensu ɗaya ne: kwamfuta na karɓar kowane irin sauti, amma manhajar tacewa da ƙa'idar faifai suna da abin da suka yarda da shi, ba sa kuma yin sassauci. Ga tambayoyin da aka fi yi.

Bidiyona yana tafiya lafiya a manhajar kunna bidiyo ta VLC, amma da na saka shi a manhajar tacewa sai hoto kawai, babu sauti. Me ya faru?

MP4, MOV, MKV da AVI mazubi ne kawai. Kamar ambulan suke, shi kuwa kodek shi ne harshen da aka rubuta wasiƙar da ke ciki. Manhajarka ta iya buɗe ambulan ɗin, ta karanta hoton, amma ba ta jin harshen da aka matse sautin da shi. VLC yana tafe da nasa kayan warware sauti na kusan kowane iri, shi ya sa komai ke buɗuwa a cikinsa, kuma shi ya sa ba a kafa hujja da shi a ce fayil lafiyayye ne.

Sau da yawa maganar lasisi ce ta jawo. A 2017 kamfanin Adobe ya cire kayan Dolby Digital daga cikin Premiere Pro, ya bar wa Windows da macOS aikin warware shi. Daga baya Microsoft ma ya daina saka kodek ɗin AC-3, wato Dolby Digital ɗin, a sabon girkin Windows 11 tun daga sigar 24H2 ta 2024. Kyamarori masu ɗauka a tsarin AVCHD, masu fitar da fayil ɗin MTS, yawancinsu da AC-3 suke naɗar sauti, don haka wanda ya sayi sabuwar kwamfuta na iya tarar da tsofaffin ɗaukarsa sun zama bebaye. Haka DaVinci Resolve a kan Linux ba ya warware AAC, alhali AAC ne sautin kusan kowane bidiyon waya. Saƙon murya na WhatsApp kuma da Opus ake matse shi, manhajojin tacewa da yawa ba sa karɓarsa kai tsaye.

Ta yaya zan san irin sautin da ke cikin fayil?

Ka sauke manhajar MediaInfo mai nuna abin da ke cikin fayil, kyauta ce. Ka duba abu biyar: sunan kodek, yawan samfurin sauti a sakan ɗaya (44.1 ko 48 kHz), yawan bit ɗin kowane samfuri (16, 24 ko 32), yawan tashoshi, da kuma ko gudun bit ɗin tsayayye ne ko mai hawa da sauka. A ɓangaren hoto ka duba ko gudun firam tsayayye ne. Duba na minti ɗaya kafin a fara aiki yana hana asarar yini guda a ƙarshensa.

To na gano kodek ɗin ne matsalar. Mene ne maganin?

Ka mayar da sautin WAV, wato PCM wanda ba a matse ba, a 48 kHz, tun kafin ka yanka ko firam ɗaya. Babu manhajar tacewa da ke ƙin PCM, babu lasisi a kansa, kuma ana iya yanka shi a kowane samfuri. Da ffmpeg, manhajar juya fayil da ake rubuta wa umarni, layi ɗaya ne:

ffmpeg -i asali.mp4 -vn -ar 48000 -c:a pcm_s16le sauti.wav

Idan kana son hoto da sauti su zauna a fayil ɗaya, ba tare da an taɓa ingancin hoton ba:

ffmpeg -i asali.mp4 -c:v copy -ar 48000 -c:a pcm_s16le sabo.mov

Wanda ba ya son rubuta umarni zai iya amfani da Audacity ko Shutter Encoder. A ganina wannan ya kamata ya zama ɗabi'a ga duk sautin da ya zo daga waya, intanet ko naɗar allon kwamfuta, ko da manhajar ta karɓe shi ba gardama. Karɓa a farko ba tabbacin zaman lafiya ba ne a ƙarshe.

Idan na canza sunan fayil daga mp3 zuwa wav fa?

Ba zai yi ba. Sunan ne kawai ya canza, abin da ke ciki yana nan yadda yake. Wata manhajar ma za ta ruɗe ta ba ka ƙara a maimakon sauti.

Wane irin sauti ne faifan DVD ya yarda da shi?

Huɗu ne kacal: LPCM, wato PCM ɗin da ba a matse ba, Dolby Digital wanda ake kira AC-3, MPEG-1 Layer II wanda ake kira MP2, sai DTS. LPCM yana iya zama 48 ko 96 kHz, a bit 16, 20 ko 24. Sauran ukun duk a 48 kHz suke. AC-3 a DVD ba ya wuce 448 kbps. Faifai ɗaya na ɗaukar layin sauti har takwas, misali harsuna daban-daban ko sharhin darakta.

MP3, AAC, FLAC, Opus da WMA ba sa cikin ƙa'idar DVD-Video sam. Abin da ke rikita mutane shi ne na'urorin DVD da yawa suna kunna MP3 idan an zuba shi a faifai a matsayin fayil zalla. Wannan ƙarin aiki ne da kamfanin na'urar ya saka, bai shafi faifan fim mai manu (shafin zaɓi) da babban fayil ɗin VIDEO_TS ba.

Akwai kuma bambancin yanki. Faifan NTSC, tsarin Amurka da Japan, dole ya ƙunshi LPCM ko AC-3. Faifan PAL, tsarin yawancin Turai, Afirka da wani ɓangare na Asiya, an yarda masa da MP2. DTS kuwa zaɓi ne, ba a wajabta wa na'ura ta iya warware shi ba, don haka ba a barinsa shi kaɗai a faifai.

Me ya sa ake ta nanata 48 kHz? Ai 44.1 ingancin CD ne.

Ba maganar inganci ba ce, maganar ƙa'ida ce. CD na kiɗa a 44.1 kHz aka gina shi, haka VCD. Duniyar bidiyo ta zamani, daga kyamarar DV zuwa DVD, Blu-ray da talabijin, a 48 take tafiya. Yawancin waƙoƙin da ake ɗorawa a ƙarƙashin bidiyo daga CD ko MP3 suka fito, shi ya sa biyun ke yawan cakuɗuwa a aiki ɗaya.

Manhaja mai kyau za ta sake lissafa samfuran da kanta. Wadda ba ta yi ba, sai ta karanta 44,100 kamar 48,000 ne, sautin ya ƙara gudu da kusan kashi 9 cikin ɗari. Muryar namiji ta yi siriri, sautin awa ɗaya ya ƙare a minti 55 da 'yan sakanni, hoto na ci gaba da tafiya shiru. Idan akasin haka ne, murya ta yi kauri tana jan jiki. Duk wanda ya ji murya ta sauya launi bayan fitar da aiki, nan ya fara dubawa. Masu tsofaffin kaset ɗin MiniDV su ƙara lura: kyamarori da yawa an saita su a 32 kHz bit 12, shi ma sai an mayar 48.

Baki da murya ba sa tafiya tare. Daga ina zan fara?

Ka fara da gano wace iri ce, domin iri biyu ne kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Ka nemi wurin da aka yi tafi, aka rufe ƙofa, ko wani ya furta "b" ko "m" inda leɓe ke haɗuwa. Ka duba ɗaya a minti na farko, ɗaya a tsakiya, ɗaya a ƙarshe.

Idan tazarar iri ɗaya ce a duka wuraren uku, to sautin ya makara ne ko ya riga hoto da adadi tsayayye. Wannan mai sauƙi ne, ka ja layin sautin gaba ko baya. Sanadinsa sau da yawa shi ne ɗan shirun da kodek ke sakawa a farkon fayil. Injin AAC na Apple yana saka samfuri 2112, wato kusan milisakan 44 a 48 kHz, ya rubuta a mazubi cewa a tsallake su. Manhajar da ba ta karanta wannan bayanin ba sai ta bar shirun, kuma idan aka matse aka sake matsewa, tazarar na taruwa. Haka idan ka ciro sauti daga VOB, wato fayilolin bidiyon da ke cikin faifan DVD, shirye-shirye irin su DGIndex kan rubuta adadin jinkirin a sunan fayil ɗin. Wannan lambar ba ado ba ce, sai ka shigar da ita a manhajar haɗa faifai.

Idan kuwa farko daidai ne amma tazarar na ƙaruwa, to agogon hoto da na sauti ne suka saɓa. Girman saɓanin kan nuna mai laifi. Sakan 3.6 a kowace awa alamar an cakuɗa firam 30 da 29.97 ne, ko 24 da 23.976. Minti biyu da rabi a awa, an mayar da fim daga 24 zuwa 25 ba a ƙara wa sauti gudu ba. Kusan minti biyar a awa, 44.1 da 48 ne. Idan 'yan firam ne kawai a awa, kuma da na'urar naɗa daban ka ɗauki sauti, agogon na'urorin biyu ne bai zo ɗaya ba, sai ka ɗan miƙe ko ka tsuke sautin da ƙaramin kaso.

Kunne da ido ba su cika yafe wannan ba. Bisa shawarar ITU-R BT.1359, mai kallo kan fara ganewa idan sauti ya riga hoto da milisakan 45, ko ya makara da 125. Mun saba ganin abu kafin jin ƙararsa, shi ya sa rigayen sauti ya fi damun rai.

Tazarar tawa ba ta da tsari, nan ta yi daidai, can ta goce.

Kusan tabbas bidiyon waya ne ko naɗar allo. Waya ba ta riƙe gudun firam ɗaya, tana ragewa idan haske ya yi ƙasa ko ta yi zafi. Sautin lafiya yake, hoton ne ke sauya taku, DVD kuwa tsayayyen firam kawai ya sani. Ka bi da bidiyon ta manhajar HandBrake ka zaɓi tsayayyen gudun firam, 25 don PAL ko 29.97 don NTSC, sannan ka shigo da shi.

Tsohuwar 'yar'uwar wannan matsala ita ce MP3 mai gudun bit da ke hawa da sauka a cikin AVI. Mazubin AVI bai dace da irin wannan sautin ba tun asali. Ka fitar da shi WAV.

PCM ya fi ko AC-3 a kan DVD?

Don kiɗa zalla mai gajeren lokaci, PCM. Don kusan komai, AC-3, kuma lissafi ne ya ce haka. PCM sitiriyo a 48 kHz bit 16 yana cin 1536 kbps. A bidiyon awa biyu, gigabait 1.38 ke nan daga cikin 4.7 na faifai mai shimfiɗa ɗaya. AC-3 a 192 kbps zai ci megabait 173 kacal. Abin da ka tsira da shi ya koma wa hoto: daga kusan 3.6 Mbps zuwa kusan 5, bambancin da ido ke gani ƙarara a wurin motsi da duhu, alhali kunnuwa kaɗan ne za su rarrabe sautin biyu a lasifikar talabijin. Don magana 192 ya isa, don kiɗa ka ɗaga zuwa 256, don 5.1, wato sauti mai tashoshi shida, ka ba shi 448.

Idan manhajarka ba ta fitar da AC-3, ka fitar da WAV ka bar wa ffmpeg:

ffmpeg -i sauti.wav -c:a ac3 -b:a 192k sauti.ac3

Haƙƙin mallakar fasahar AC-3 ya ƙare a 2017, don haka babu fargaba wajen amfani da injin kyauta.

Manhajar haɗa faifai ta ce gudun bit ya yi yawa, ko faifan na sarƙewa a na'ura.

DVD ba ya ɗaukar fiye da 10.08 Mbps na hoto da sauti a haɗe, hoto shi kaɗai kuma 9.8. Wanda ya matse hoto a 9 ya ɗora PCM na 1.5 ya riga ya tsallake iyaka. Kowane ƙarin layin sauti yana shiga lissafin. Faifan da aka rubuta a kwamfuta kuma ya fi na masana'anta wahalar karantawa, don haka ni ina ba da shawarar kada ƙololuwar hoto ta wuce 8.

Me ya sa manhajar ke sake matse sautin da na riga na shirya?

Saboda ta ga wani abu da bai cika ƙa'ida ba, ko kuma an saita ta ta sake matse komai. Hanya mafi tsabta ita ce ka ba ta hoto da sauti a rarrabe, hoton a fayil ɗin m2v, sautin a ac3 ko wav, masu tsawo ɗaya, ka kuma nemi zaɓin da ke hana taɓa fayil ɗin da ya riga ya dace. Wannan ya ƙara muhimmanci yanzu da manyan manhajojin fagen suka tsaya: Apple ya ajiye DVD Studio Pro a 2011, Adobe Encore kuma bai wuce CS6 na 2012 ba. Duk wani tsarin sauti da ya yaɗu bayan nan, ba su san shi ba.

Na haɗa 5.1, amma magana na fitowa daga gefe ɗaya ko daga baya.

Jerin tashoshi ne ya hargitse, domin kowane tsari da nasa jerin. WAV yana jera hagu, dama, tsakiya, bes, sannan hagu da dama na baya. AC-3 a cikinsa hagu, tsakiya, dama, na baya biyu, bes a ƙarshe. AAC da tsakiya yake farawa. Idan injin matsewa ya ɗauki jeri ɗaya a matsayin wani, tashar tsakiya mai ɗauke da magana sai ta faɗa lasifikar dama, bes kuma ya tafi ƙaramar lasifikar baya.

Ka fitar da tashoshin a matsayin fayil shida na mono masu suna bayyananne, ka saka kowanne a gurbinsa da hannunka. Kafin ainihin aikin, ka yi gwaji na sakan talatin inda murya ke kiran sunan kowace lasifika bi da bi. Sannan ka saurari faifan a talabijin mai lasifika biyu, domin a haka yawancin mutane za su ji shi, kuma na'ura kan watsar da tashar bes idan tana haɗe shida zuwa biyu.

Idan kuwa muryar na fitowa a hagu kaɗai a aikin sitiriyo, makirufo ɗaya ne aka naɗa a tasha ɗaya. Ka mayar da shi mono a manhajar tacewa.

Maimakon sauti sai ƙarar "shhh" mai ƙarfi.

Ka rage murya nan take, irin wannan na iya lalata lasifika. Na'ura na karanta lambobin ta hanyar da ba tasu ba ne. WAV da LPCM na DVD suna jera bait ɗinsu a saɓanin juna, idan aka haɗa ba a juya ba, ƙara ce za ta fito. Haka idan aka tura DTS ko AC-3 da ba a warware ba zuwa na'urar da ke jiran PCM. Sababbin na'urorin naɗa masu ɗauka a bit 32 mai yawo su ma suna rikita tsofaffin manhajoji. Ka saukar zuwa 24 ko 16 kafin haɗa faifai, bayan ka tabbatar babu inda sauti ya haura sifili a ma'aunin ƙarfinsa.

Bayan na mayar AC-3, sautin ya yi ƙasa.

AC-3 na ɗauke da wata lamba mai suna dialnorm da ke gaya wa na'ura ƙarfin magana a fim ɗin. A -31 na'ura ba ta rage komai. Injuna da yawa suna zuwa a -27, wanda ke sa a rage desibel 4. Akwai kuma saitin da ke danne wurare masu ƙarfi ya ɗaga masu rauni, wanda ke amfanar fim amma yana kashe wa kiɗa armashi. Idan ka riga ka daidaita sautinka yadda kake so, ka sa -31 ka kashe dannewar.

Dogon WAV ɗina ya yanke a tsakiya.

WAV ba ya wuce gigabait 4, wasu tsofaffin manhajoji ma a 2 suke tsayawa. Tashoshi shida a bit 24 kan cika wannan cikin kusan minti 83. Ka yi amfani da RF64 ko W64, 'yan'uwan WAV da ba su da wannan iyakar, ko ka raba zuwa mono shida.

Blu-ray fa?

Ya fi faɗi, amma shi ma da ƙofarsa. Dole kowace na'ura ta iya LPCM, Dolby Digital da DTS. Dolby TrueHD, Dolby Digital Plus da DTS-HD Master Audio ƙari ne. AC-3 a nan na kaiwa 640 kbps. AAC da MP3 ba sa cikin sautin da faifan fim na Blu-ray ya yarda da shi, kuma 44.1 kHz ba ya shiga, sai 48, 96 ko 192. Tun da faifan na ɗaukar gigabait 25 ko 50, LPCM sitiriyo ba ya takura wa hoto, don haka a nan shi nake zaɓa.

Faifan na da sauti a kwamfuta, amma a talabijin shiru.

Ka duba uku. Na farko, ko MP2 ne a faifan NTSC, wanda wasu na'urori ba sa kunnawa. Na biyu, ko DTS ne kaɗai, domin talabijin da yawa ba sa warware shi, Samsung ma ya daina saka shi tun samfuran 2018. Na uku, saitin na'urar kanta: idan tana tura sauti ɗanye ta HDMI ko wayar haske zuwa abin da bai iya warware shi ba, ka canza fitarwar zuwa PCM. Wayar haske da ta koaksiyal suna ɗaukar PCM tasha biyu ne kawai, ko AC-3 da DTS a matse.

Zan iya sake tace bidiyon da na ciro daga tsohon DVD?

Za ka iya, amma kada ka ja VOB ɗaya-ɗaya. Ana yanka su ne a kusan gigabait 1 ba tare da la'akari da inda firam ɗin sauti ya ƙare ba, don haka akan ji ɗan tsalle a mahaɗa. Ka ciro fim ɗin gaba ɗaya, ka warware AC-3 zuwa WAV sau ɗaya, ka yi aikinka, ka matse sau ɗaya a ƙarshe. Idan sake matsewa ta zama dole, ka ba shi gudun bit da ya fi na asali.

In girka tarin kodek ɗin da ake saukewa a intanet?

Ban ba da wannan shawarar ba a kwamfutar aiki. Manyan manhajojin tacewa na yau ba sa ma amfani da su, tsofaffin da ke amfani da su kuma sukan rikice idan kodek biyu na rigimar fayil ɗaya. Juya fayil ɗin da ya ƙi ya fi sauƙi, kuma ka san abin da ka canza.

Wane gwaji zan yi kafin in buga kwafi da yawa?

Ka fara fitar da VIDEO_TS na DVD ko BDMV na Blu-ray a kwamfuta, ka buɗe da MediaInfo ka tabbatar sautin AC-3 ne ko LPCM a 48 kHz. Ka rubuta kwafi ɗaya a faifan da ake iya gogewa, ka saka a na'urar DVD ta gaske da ke haɗe da talabijin, in da hali tsohuwa mai tsaurin kai. Ka duba baki da murya a farko, tsakiya da minti biyar na ƙarshe, ka tsallaka babi-babi ka ji ko sauti na dawowa daidai, ka sauya layin sauti idan sun fi ɗaya. Ka saurari kiɗan manu ma, domin shi ne aka fi mantawa a 44.1, kuma sau da yawa ya fi fim ɗin ƙara nesa ba kusa ba.